Faifan biki daga Argungu zuwa Houston: yadda na bi diddigin abin da ya hana shi kamawa

Duk wanda ya taɓa sayen na'urar DVD a kasuwar Birnin Kebbi ko ta Jega ya san halinta. Ƙirar Sin ce, mai sauƙin kuɗi, sau da yawa ma sunan da ke goshinta ba ka taɓa jin sa ba. Amma kamar akuyar gari take, ko takarda ce ci take yi. Ka sa mata tsohon VCD ta karanta, ka sa mata faifan da aka zuba waƙoƙi da hotunan waya ta karanta, ka soka mata filash ta buɗe. Shi ya sa a wurinmu idan mai bidiyo ya kawo faifan biki, aka sa aka ga hoto ya fito, magana ta ƙare, sai a ba shi cikon kuɗinsa. Babu mai tambayar yadda aka tsara abin da ke ciki, sai ranar da faifan ya tsallaka iyaka.

Bikin ƙanwarmu aka yi a Argungu. Mai bidiyo ya ɗauki kamu, da ɗaurin aure, da walima, da kai amarya, ya haɗa kusan awa huɗu a faifai guda, ya manna masa takarda mai hoton ango da amarya. Inna ta sa aka yi kwafi don 'yan uwa na nesa. Ɗaya direba ya tafi da shi ta hanyar Kamba zuwa wurin Gwaggo a Dosso. Ɗaya aka ba wani mai tafiya Umara ya kai wa Kawu a Jidda. Na ƙarshe aka cusa cikin ƙullin kuka da daddawa zuwa wurin Yaya a Houston ta Amurka, wadda haihuwa ta hana ta zuwa bikin.

Na Dosso ya yi lafiya lau, har Gwaggo ta bugo waya tana faɗan wai ba a nuna ta sosai ba a bikin wata uku da suka wuce, wanda ba shi ake magana ba. Na Jidda ya yi, amma da aka zo wajen kai amarya sai hoton ya fara farfashewa, ya tsaya cak. Na Houston kuwa ko sallama bai yi ba. Na'urar ta haɗiye shi, ta yi ta juyi, ta rubuta cewa ba za ta iya kunna wannan faifan ba.

Da yake ni ne mai laftof a gidan, aikin ya faɗo kaina.

"Kai ɗan nan," in ji Inna, "wanga abu da munka kalla da idonmu har sau nawa? Ko dai tsakanin daddawa ya lalace?"

Abin da kowa ya fara faɗa mini, har da wani abokina mai gyaran rediyo da talabijin, shi ne lambar yanki. Gaskiya ne akwai ta. Kamfanonin fina-finai sun raba duniya gida shida don faifan da aka sayar a wannan yanki kada ya yi a wancan. Amurka da Kanada su ne yanki na 1. Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya, har da Saudiyya da Masar, da Afirka ta Kudu, yanki na 2. Kudu maso gabashin Asiya na 3, Latin Amurka da Ostireliya na 4. Mu nan, da mafi yawan Afirka da Indiya da Rasha, na 5. Sin ita kaɗai na 6. Sai dai wannan kulle na faifan kamfani ne. Wanda aka buga a shago ko a ɗaki, manhajojin da ake bugawa da su ba sa sa masa kulle, sai in mutum ya nemi hakan da gangan, kuma mai bidiyon biki ba shi da dalilin yi. Na ajiye wannan zargin gefe.

Na roƙi Yaya abu biyu. Na farko, ta sa mijinta ya gwada faifan a kwamfutarsa ta tebur. Ya gwada, ya buɗe, suka ga amarya. Ke nan faifan da ransa ya isa, daddawa ba ta da laifi. Na biyu, ta juya na'urar ta ɗauko mini hoton bayanta. Tsohuwa ce, irin mai baki biyu, ɗaya na kaset ɗaya na faifai, ta wani babban kamfani. A kan farar takardar da ke manne a bayan akwai ɗan zanen duniya da lamba 1 a tsakiyarsa, a gefe an rubuta NTSC, a ƙasa 120V da 60Hz. Wannan hoton ya fi duk bayanin da aka yi ta yi mini a waya amfani, kuma duk wanda irin wannan matsala ta same shi, shi zan ce ya fara nema.

Daga nan na sa namu kwafin a laftof na buɗe shi kamar yadda ake buɗe filash, don in ga abin da ke kwance a ciki. Fayil huɗu ne na AVI, irin bidiyon da ake kallo a kwamfuta, kowane sashen biki da nasa. Babu wani abu bayan su.

To a nan ne tushen farko. Faifan DVD na bidiyo na ainihi ba a zuba masa fayil haka kawai. Yana da tsari guda wanda duk na'urar da ke duniya ta yarda da shi. Dole a sami folda mai suna VIDEO_TS, da manyan baƙaƙe, a cikinta akwai fayiloli iri uku. Masu ƙarewa da VOB su ne ke ɗauke da hoto da murya, kuma ana yanka su ne kada ɗaya ya wuce gigabait 1. Masu ƙarewa da IFO su ne ke gaya wa na'ura daga ina za ta fara, ina babi yake, wane irin hoto ne. Masu BUP kwafin IFO ne, don ko ɗaya ya karce. Hoton kansa galibi da tsarin MPEG-2 ake matse shi. Abin da mai bidiyonmu ya ba mu faifan ajiya ne, wanda na'urorinmu na nan suke buɗewa don an ƙara musu wannan basirar. Ta Yaya ba ta san zancen ba.

Na je shagonsa. Mutumin kirki ne, sai dai bai ji daɗin zancen ba da farko.

"Malam, ni duk aikin da nika yi haka nika yin shi, kuma ba a taɓa maido mani ba."

Gaskiya ya faɗa, don duk masu ba shi aiki tsakanin Argungu da Augie da Kangiwa suke kallo. Ban je don gardama ba. Abin da nake so shi ne ainihin aikin kafin ya matse shi, don in ka ɗauki hoton da aka riga aka matse ka sake matse shi, fuskokin mutane sai su dagule, musamman a hoton dare. Allah ya taimaka bai goge ba. Ya fitar mini da shi da nauyinsa, na kwaso a babban filash.

Na buɗe shi da VLC, manhajar kallon bidiyo, na shiga wurin da yake nuna bayanin fayil. Hotuna 25 a kowace daƙiƙa. Wannan shi ne bango na biyu, kuma ya fi na farko tauri.

Talabijin ya taso ne a kan wutar lantarkin kowace ƙasa. Inda wuta ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kamar mu da Ingila da sauran Turai, aka tsara hoto 25 a daƙiƙa. Inda take kaɗawa sau 60, kamar Amurka, aka tsara 30, sannan da suka shigo da launi a 1953 suka ɗan rage shi ya koma 29.97. Nasu shi ne NTSC. Namu PAL, wanda wani injiniya Bajamushe, Walter Bruch, ya ƙirƙiro a kamfanin Telefunken, aka fara watsa shirye-shirye da shi a Ingila da Jamus ta Yamma a 1967. A kan faifan DVD bambancin ya zama na girma da sauri: PAL ɗigo 720 a kwance da layi 576, hoto 25, NTSC ɗigo 720 da layi 480, hoto 29.97. Kyamarorin da ake sayarwa a nan a kan namu tsarin suke zuwa. Nijar da Faransa sun yi amfani da wani tsari na uku, SECAM, wajen watsa talabijin, amma a faifai babu shi. Faifansu irin namu ne, 576 da 25. Kuma wannan ba shi da alaƙa da lambar yanki. Japan tana yanki na 2 tare da Ingila, amma NTSC take bi.

Abin haushin shi ne hanyar ba ta daidaita ba. Mafi yawan na'urorin ƙasashen PAL suna karanta faifan NTSC. Na Amurka kuwa da yawansu ba sa karɓar PAL ko kaɗan, kuma ko na'urar ta yarda, talabijin ɗin yana iya ƙi. Shi ya sa faifai daga can ya zo nan ya yi, namu ya je can ya ƙi, mutane su ɗauka raini ne.

Da na yi wa Inna bayani iya yadda zan iya, sai ta kawo shawarar da, in gaskiya za a bi, ba ta da aibu.

"To mi ya hana a sai mata irin tamu a kai mata? Nawa take?"

Zai yi aiki, muddin an duba bayan na'urar an ga an rubuta tana karɓar wuta daga 100 zuwa 240, an samo mata kan soket irin nasu, an kuma shiga saitinta an ce ta fitar da hoto a NTSC. Abin da ya hana shi ne Yaya ba ita kaɗai za ta kalla ba. Dangin ango suna da mutane a wata jihar, kuma matan Hausawa da suke zumunci a can kowa na jiran a ba ta aro. Faifan ne ya kamata ya zama wanda kowace na'ura za ta karɓa. Ban da haka, mai tafiya da ya yarda ya ɗaukar maka faifai ba lalle ya yarda da kwali ba.

Matsalata ita ce ba ni da wurin gwaji. Duk abin da na haɗa, na'urar ɗakinmu za ta ce ya yi. Shaidarta ba ta da amfani. Mai tafiya Amurka kuma ba kullum ake samu ba, balle in ce zan yi ta aikawa ana dawo mini da labari. Tura dukan bikin ta intanet daga Argungu kuwa, gigabait huɗu da wani abu, da irin sabis ɗin da muke da shi a lokacin, kuɗin data kawai za a ƙona ya yanke a tsakiya.

Dabarar da ta fitar da ni ita ce ƙananan gwaje-gwaje. Na yanko minti uku daga wurin kamu, inda akwai kiɗa, da guɗa, da mata suna juyi, da mai kyamara yana waiwaye da sauri, wato duk abin da zai iya tona asirin aiki. Na sauke DVDStyler, manhaja ce ta kyauta. Da ka buɗe sabon aiki take tambayarka girman faifai, PAL ko NTSC, faɗin hoto 4:3 ko 16:9, da irin murya, AC3 ko MP2. Ita ke gina VIDEO_TS da kanta, kuma tana iya fitar maka da fayil ɗin ISO, wato faifan gaba ɗaya a dunƙule cikin fayil guda. Na minti uku bai kai megabait 150 ba. Wannan kam yana tafiya, in ka bari sai dare ya raba. Mijin Yaya ya sayo faifai marasa komai, duk wanda na tura sai ya buga a kwamfutarsa ya sa a na'urar, Yaya ta ɗauki talabijin ɗin da waya ta turo mini. Tsakaninmu awa shida ne ko bakwai, gwargwadon lokacin shekara, saboda haka sakamakon yakan iso ni bayan sallar asuba.

Kowane gwaji abu ɗaya kawai nake canzawa. Wannan ita ce ƙa'idar da na riƙe, don in ka canza uku lokaci guda ya yi, ba ka san wanne ne ya gyara ba.

Na fara da DVD na ainihi amma a PAL, don in tabbatar. Ta ƙi. Na mai da shi NTSC da murya MP2. Hoto ya fito, Yaya ta turo saƙon murya tana ihu, sai dai mata na ta buɗe baki ba a jin guɗa. A ƙa'idar DVD, na'urorin ƙasashen PAL ne aka san su da karɓar MP2. Na NTSC abin da aka wajabta musu shi ne AC3, wato Dolby Digital, da murya marar matsi ta PCM. Da yawa suna karɓar MP2 duk da haka, amma ba tilas ba ne, kuma wannan tsohuwar ba ta yi alfarma ba. Na mai da shi AC3, murya ta fito.

"Ƙanena, ya yi! Amma me ya sa kowa ya rame? Ko azumi kuka yi kafin bikin?"

Faɗin hoto ne. Kyamarar ta ɗauka a 16:9, amma a faifan DVD girman hoton ɗaya ne ko mai faɗi ne ko ba mai faɗi ba, 720 da 480. Alama ce kawai a cikin fayil take gaya wa na'ura ta shimfiɗa shi. In alamar ta ce 4:3, sai a matse mutane daga gefe, amarya ta koma doguwa siririya. Wannan gyaran dannawa ɗaya ne.

Inda na daɗe shi ne wajen mai da 25 zuwa 29.97, don hotuna biyar na kowace daƙiƙa da babu su dole a samo su daga wani wuri. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa maimaita hoto ɗaya bayan kowane biyar. Idan mutane na zaune ana addu'a ba za ka lura ba. Amma da mai kyamara ya zagaya da ita a kan taro, sai ka ga hoton yana ɗan ɗingishi. Akwai wata hanyar da ake bi da fina-finai: a rage gudun bidiyon daga 25 zuwa 23.976, na'ura ta cike sauran da kanta. Motsi yana fita sumul, sai dai komai ya ragu da kusan kashi 4 cikin 100. Awa guda ta ƙaru da minti biyu da rabi, murya kuma ta ɗan yi kauri in ba a gyara ta daban ba. Na saurari gwajin wannan da abin kunne. Ga wanda bai san mutanen ba babu komai. Ni kuwa na san muryar liman da ya ɗaura auren tun ina yaro, kuma akwai karatun Alƙur'ani a walimar. Ban ga dalilin taɓa wannan don kawai rawar kamu ta yi santsi ba. Na zaɓi ɗingishin, muryar kowa ta zauna yadda take.

Akwai wani abu kuma da kwamfuta ba ta nuna shi, sai talabijin. Irin waɗannan kyamarori suna raba kowane hoto gida biyu, layi na 1, 3, 5 da sauransu a rabi ɗaya, na 2, 4, 6 a ɗayan, suna ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. In aka juya jerin wajen sauyawa, duk abin da ya motsa sai ya riƙa karkarwa. A wani gwajin Yaya ta ce hannun mai guɗa yana rawa kamar biyu ne. Na sa manhajar ta haɗe rabin biyun su zama cikakken hoto tun kafin a sauya gudu, karkarwar ta tafi.

Da na gama da Houston na waiwayi Jidda. Na'urar Kawu irin tamu ce mai buɗe fayil, kuma Saudiyya ba ta da matsala da 25, shi ya sa ya ga farko da tsakiya. Tsayawar da ya yi a ƙarshe ta jikin faifan ce. DVD daga tsakiya ake fara rubuta shi ana fita zuwa baki, don haka ƙarshen biki yana can gefen da ya fi saurin karcewa. Faifan da ake bugawa a gida ba irin na kamfani ba ne da ake dannawa da inji. Wani sinadarin rini ne a ciki wanda hasken leza ke ƙonawa, kuma a faifai mai araha rinin ba ya shimfiɗuwa daidai a bakin. Mai bidiyo ya cika shi maƙil. Na ɗaga namu kwafin a hasken taga na karkata shi: launin shuni mai duhu ya kai har gefe, babu ko siririn zobe da ya rage, kuma a bakin akwai wasu ɗige-ɗige kamar ruwa ya taɓa. Ga kuma takardar da aka manna, wadda ta ɗan kauce daga tsakiya. Faifai yana juyawa sau ɗaruruwa a minti, ƙaramin rashin daidaito ya isa ya sa shi rawa, zafi kuma yana sa takardar ta ja shi ya ɗan lanƙwashe.

Kawu da kansa ya tuna mini da wani tsohon lamari a waya.

"Ɗana, ka tuna ƙanƙanen faifan nan da na aiko muku na Arfa, kunka ce babu komi ciki?"

Na tuna. Irin ƙaramin faifan nan ne mai faɗin santimita 8 da wasu kyamarori ke rubutawa kai tsaye. Irinsa, da wanda aka ɗauka da na'urar DVD mai naɗa, sai an rufe shi kafin wata na'ura ta gan shi. A jerin umarnin kyamarar an rubuta Finalize. In ba a danna ba, kyamarar da ta rubuta shi ce kaɗai ke ganin abin da ke ciki, kowa kuma ya ce fanko ne. Yana nan a akwatin Inna. Na ce in an sami mai zuwa za a mayar masa ya rufe shi a kyamarar, in tana nan da rai.

Sauran aikin na lissafi ne da haƙuri. Faifan da aka rubuta wa 4.7GB, kwamfuta 4.37 take nuna maka, don ƙidayarsu ta bambanta. Awa biyu ne ke zama a kai da hoto mai kyau, wajen megabit 5 a daƙiƙa. Ƙa'ida ta yarda hoto ya kai 9.8, amma faifan gida ba ya mai da haske kamar na kamfani, tsohuwar na'ura tana iya sarƙewa in aka kai ta can. Akwai mai hawa biyu na 8.5GB da zai ɗauke bikin duka, ban yarda da shi ba, don wurin sauya hawa nan ne tsofaffin na'urori suka fi tuntuɓe. Na raba bikin biyu, kamu da ɗaurin aure a ɗaya, walima da kai amarya a ɗaya, na kuma rage nauyin kowanne ya tsaya wajen gigabait 4 don bakin faifan ya zauna fanko. Na yanke wajen minti ashirin na motoci suna jiran a buɗe ƙofa. Har yau ba wanda ya tambaye su.

Wajen sayen faifan ma akwai zaɓi. DVD-R mai alamar ragi shi ya fara fitowa, daga kamfanin Pioneer a 1997. DVD+R mai alamar tarawa sai 2002. Sababbin na'urori ba ruwansu, amma tsofaffi sun fi sabawa da na farkon, kuma shi mijin Yaya ya yi ta gwaji da shi, don haka ban sauya ba. In mai tarawa kawai ka samu, wasu injinan bugawa suna barin ka sauya masa shaida ya riƙa gabatar da kansa a matsayin DVD-ROM, tsohuwar na'ura ta ɗauka na kamfani ne. Sai da na je Birnin Kebbi na samo na kirki, 'yan Verbatim a cikin kwalinsu, maimakon waɗanda ake ƙirgo maka daga sanda a naɗe a leda. Sunan da ke saman faifai ba ya isa shaida, don jabu sun yi yawa. ImgBurn, manhajar buga faifai wadda ita ma kyauta ce, tana nuna lambar ainihin masana'antar da ta yi shi da zarar ka sa shi.

Da ita na buga. In kana da ISO, kai tsaye za ka ba ta. In foldar VIDEO_TS ce a hannunka, kada ka ja ta ka jefa a faifai kamar yadda ake yi wa filash, don na'urar DVD tsarin ajiya na UDF 1.02 take nema, kuma ImgBurn takan gane foldar ta tambaye ka ko ta daidaita. An rubuta 16x a jikin faifan, na sa shi a 6x. Mutane sukan ce a sa a mafi ƙarancin gudu, amma faifan da aka yi don gudu ba ya son a ja shi a 1x ko 2x. Tsaka-tsaki ya fi. Na danna alamar tantancewa, wadda ke sa injin ya sake karanta duk abin da ya rubuta ya gwada da asali. Da sassafe nake yi, batir a cike, kafin ɗaki ya ɗau zafi, kuma lokacin hunturu ne, ƙura ko'ina, sai na rufe taga na goge tiren da tsumma mai laushi. Faifai in zai sha gugar tsumma, daga tsakiya ake ja zuwa baki, ba a zagayawa.

Na sa wanda na gama a na'urar ɗakin Inna don in ga ko babi-babin suna tafiya daidai. Talabijin ɗinta tsohon mai ƙeya ne. Hoto ya fito fari da baƙi, yana ɗan tsalle.

"La ilaha illallahu! Yanzu kuma kala ta tahi?"

Ba ta tafi ba. Na'urar tana kan Auto, ta ga faifan NTSC ta miƙa wa talabijin yadda yake, shi kuma launin PAL kawai ya sani. Na ɗauki rimot na shiga saiti, wurin tsarin talabijin, na mai da shi PAL. Jan lallen amarya ya dawo. Wannan ya nuna mini cewa kada in aika wa kowa irin na Yaya don neman sauƙi. Kawu na yi masa nasa daban a PAL, 576 da 25, ba tare da an taɓa gudun hoton ba, wanda a gaskiya ya fi na Houston kyau.

Ban manna takarda ba. Da alƙalamin maka mai laushin baki na rubuta a saman kowanne, na ɗaya ko na biyu, da NTSC ko PAL da manyan baƙaƙe don kada a cakuɗa. Kowanne na sa shi a kwalinsa mai tauri, na ce wa mai tafiyar ya riƙe a jakar hannu kada ya bar shi cikin mota a rana. A aljihun kwalin Yaya na ƙara ƙaramin filash mai ɗauke da bikin a MP4, don sabon talabijin ko kwamfuta, da fayilolin ISO guda biyun, ta yadda duk wadda ta nemi aro sai mijinta ya buga mata nata maimakon a ba da na asali.

Na Houston ya yi daga farko har ƙarshe, ya kuma yi a gidan dangin ango. Na Jidda ya wuce wurin da na farko ya tsaya. Mai bidiyo ya zo da kansa ya ce in nuna masa inda ake zaɓar NTSC, don akwai wani Alhaji a Kangiwa da ɗansa ke karatu a Kanada, kuma bikin gidansu saura mako uku.